Neman kalma: me za mu kira "kemo" a takardar iyaye?

Nas Samaru: Salamu alaikum. Ina fassara 'yar takardar da za a riƙa ba iyayen yara masu sankarar jini, gobe da safe za a kai ta wurin bugu. Na maƙale a kan kemoterafi. A ɗakin jinya kowa "kemo" yake cewa, amma uwar da ta zo daga Giwa ko Soba ba ta san shi ba. Maganin da ake bayani a kai vinkiristin ne.

Ɗan Kongo: Gashin daji mana.

Nas Samaru: A'a ƙanena, gashi na na'ura ne. Wannan ta jijiya ake ba da shi.

Baba Tudun Wada: Hana-yaɗo. Kamar yadda muke da hana-salla da hana-ƙarya. Daji yaɗo yake yi kamar kabewa, magani ya tare shi. Na daɗe ina ajiye da kalmar nan.

Mai Haɗa Magani: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi a baki, sai dai aikin vinkiristin ya fi nan. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta miƙa wasu siraran zarurruka, kamar masaƙi ya ja zare, su ne ke raba kayan gadonta gida biyu. Maganin yana hana zaren haɗuwa, ƙwayar ta tsaya a tsakiyar rabuwa ta mutu. Na daji sun fi saurin rabuwa, shi ya sa suka fi shan wuya. Daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi, Amurka ta amince da shi a 1963.

Bakano a Sabon Gari: Ku bar kemo kawai. Asibiti da likita ma ai aro ne.

Baba Tudun Wada: A Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, za a ce mu rubuta kemo? Haba!

Bakano a Sabon Gari: Ranka ya daɗe, mutanen da ke cewa "matana ya zo" su ne za su yi mana gyaran Hausa?

Ɗan Kongo: Ku da kuka mai da "zuwa ya yi" ta koma "zuwa yai"? Kowa ya ji da nasa.

Nas Samaru: Don Allah iyayena, gobe ne fa.

Mai Haɗa Magani: Anti, ni abin da ya fi damuna kalmar jijiya ce. Kin ce ta jijiya ake ba da shi, kuma babbar illarsa ita ce taɓa jijiya: yatsu su yi sanyi, yaro ya ji kamar ana tsira masa allura, bayan gida ya yi tauri. Jijiya biyu ne daban, Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Ta farko ki rubuta jijiyar jini, ki maimaita. Ta biyun kada ki ce jijiyar laka, domin idan aka yi allurar vinkiristin a laka kisa take yi, alhali akwai wani maganin da ake yi wa yaran nan a laka, ta gadon baya. Kada wani ya cakuɗa.

Nas Samaru: Wallahi ban lura ba. To jijiyar ji da motsi?

Mai Haɗa Magani: Ta yi tsawo, amma babu mai ruɗewa.

Baba Tudun Wada: Hana-yaɗon fa?

Nas Samaru: Baba, zan rubuta "kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji" a layin farko, daga nan in ci gaba da kemo.

Baba Tudun Wada: To. Ni dai a gidana hana-yaɗo ne sunansa.