Don Allah a taimaka min da lissafin kwaman entirans

Maman Biyu: Salam jama'a, yarona zai zana kwaman entirans, an ce ya kai 4,652 zuwa ɗari mafi kusa ya rubuta 4,600 malamin lesin ya kashe masa, ni wallahi ban gane dalili ba.

Malamin Firamare: Hajiya gidan gomomi zai duba, wato lambar da ke dama da 6. Tunda 5 ce, sai 6 ta zama 7 sauran su koma sifili, 4,700 ke nan.

Ɗan Kasuwa: Inda yara ke faɗuwa irin su 2,960 ne, 9 ta cika goma sai a haura gidan dubbai, 3,000.

Maman Biyu: Na gode Malam, to 4,649 fa?

Malamin Firamare: 4,600 ne, kar 9 ɗin ƙarshe ta ruɗe shi.