Na ƙara gini a bayan gida: layin wutar da nake da shi zai ɗauka?

Baban Yara:
Assalamu alaikum. Gidana a Kano yake, layi ɗaya ne ya shigo daga falwaya, mitar ta kati ce, an rubuta 5(60)A a jikinta. Yanzu akwai esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, firji, firiza, dutsen guga, injin jan ruwa, fankoki da fitilu. Na gina ɗakuna biyu da banɗaki da ƙaramin kicin a baya, tazarar mita 25 daga inda mitar wuta take. Za a sa esi biyu, hita ta wanka, risho na lantarki da firji. Mai gini ya ce a jawo daga soket ɗin falo kawai. Hakan zai yiwu, ko sai na nemi layi uku?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar jawowa daga soket ɗin falo a bar ta tun yanzu. Wayar soket 2.5mm ce, a cikin bututu ba ta wuce amp 20 zuwa 24, sabon ɓangaren kuma ya fi haka.

Ga lissafin. Esi biyu wat 2,400, hita 1,500, risho 1,500, firji 200, fitilu da fankoki da talabijin a ce 400. Ya kama wat 6,000, a raba da bolt 230, amp 26 ke nan. Tsohon gida kuwa esi 1,200, firji da firiza 400, dutsen guga 1,200, injin ruwa kusan 1,000, sauran 600, wato wat 4,400 ko amp 19. Duka amp 45. Lambar 60 da ke cikin baka a jikin mita ita ce iyakarta, kuma an fi so kada nauyin da zai daɗe a kunne ya wuce kashi 80 cikin 100, wato amp 48. To kana ciki, sai dai ba ka da sarari mai yawa. Abin da zai taimake ka shi ne hita ta hunturu ce, esi kuma na bazara, da wuya su haɗu. Ka dai duba takardar da ke jikin kowane kaya, domin akwai hita mai wat 2,000 ko fiye.

Yadda ya kamata a yi: a fito da layi na musamman daga babban akwatin rarraba wuta, da birekarsa (makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa) ta amp 40, da wayar jan ƙarfe 10mm guda uku, ta wuta da ta dawowa da ta ƙasa. 6mm ma za ta ɗauka da bireka 32, amma a nisan mita 25 tana zubar da kusan bolt 5, 10mm kuwa bolt 3 kacal, kuma ta bar maka wurin ƙari nan gaba. A can baya a sa ƙaramin akwati: fitilu 1.5mm da bireka 10, soket 2.5mm da bireka 20, kowane esi da hita da risho layinsa daban na 4mm. Lallai a sa RCD (na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa, misali ta jikin mutum) mai 30mA, saboda ruwa da wuta za su haɗu a banɗaki.

Injiniya Ɗan Sabon Gari:
Lissafin Malam daidai ne, amma ni ba mita nake ji wa tsoro ba. Wayar da ta sauko daga falwaya ita ce ke fara gazawa. Yawancinta alminiyam ce, kuma alminiyam 16mm daidai take da jan ƙarfe 10mm. In siririya aka sa tun lokacin da gidan fanka da rediyo kawai yake da su, sai an canja ta. A duba inda aka haɗa alminiyam da jan ƙarfe: in murɗe su kawai aka yi aka naɗe da tef, wurin yana yin tsatsa, ya saki, ya yi zafi, daga nan sai ƙauri da baƙi a jikin kat-awut, wato akwatin fis ɗin da wayar falwaya ke shiga. Akwai mahaɗi na musamman da ake sayarwa don wannan. A buɗe fis ɗin ma, sau da yawa za ka tarar an ɗaura waya mai kauri a maimakonsa, wadda ba za ta yanke ba ko da gidan na ci da wuta.

Sannan lissafin bolt 230 ne, alhali a watan Afrilu da daddare unguwanni da yawa wutarsu na sauka 180. Risho da hita sanyi kawai za su yi, amma esi da injin ruwa ƙarin amp suke ja: esin da ke cin amp 5 zai kusa 7, kuma wanda ba inbata ba yana fizgar ninki uku zuwa biyar lokacin tashi. Ka sa a auna da mitar maƙalawa (wadda ake maƙala wa waya ta nuna amp da bolt) da ƙarfe takwas na dare, komai a kunne. In bolt bai kai 200 ba, ka nemi layi uku a KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, a raba nauyin a kansu, a kuma ɗaure wayar dawowa sosai, domin in ta yanke a layi uku kaya na iya samun bolt har kusan 400.

Wajen sayen waya, a kankare bakinta. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka yi wa rufi.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri. Janareta na 3.5kVA ne, shi ma zai kai can?

Mai Wayarin:
Amp 15 ne iyakarsa, ba zai ɗauki gidan duka ba. A raba akwatin baya gida biyu: fitilu, fankoki da firji su bi ta canji-oba (makunnin sauya wuta zuwa janareta), esi da hita da risho su tsaya kan wutar NEPA kaɗai. Hakan na nufin za a ja layi na biyu na 4mm, don haka a sa bututun da zai ɗauki duka biyun kafin a yi siminti.