Miƙa socket ga workqueue bayan RCU: sock_hold() ya isa?

ɗalibin_kernel:
Assalamu alaikum malamai. A Linux, idan an lalubo socket (tsarin da kernel ke riƙe haɗin network da shi) a teburin hash na TCP a cikin rcu_read_lock() (wato ƙarƙashin RCU, hanyar karanta bayanan kernel ba tare da kulle ba), ana so workqueue (layin ayyukan da kernel ke jinkirtawa) ta ci gaba da aiki da shi daga baya, shin sock_hold(), mai ƙara ƙirgar masu riƙe da socket, ya wadatar? Wane kulle kuma za a riƙe a can?

softirq:
Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ɗan'uwa. RCU ba ta hana wani CPU sauke sk_refcnt, wato ƙirgar masu riƙe da socket ɗin, zuwa sifili kana tsaka da dubawa. sock_hold() na wanda ya riga ya riƙe socket ɗin ne. Kai refcount_inc_not_zero() za ka kira. In ta ƙi, socket ɗin ya kama hanyar mutuwa, ƙyale shi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne nan: socket na TCP daga slab (rumbun memory na kernel) mai SLAB_TYPESAFE_BY_RCU ake yanko shi, wato ana iya sakinsa a ba wani haɗi daban wurin nan take, ba tare da jira ba. Don haka bayan ƙirgar ta hau, sake gwada adireshi da port. In ba su dace ba, sock_gen_put(), ka koma farkon nema. Haka __inet_lookup_established() ke yi, gara ma ka kira ta kawai.

mai_faci:
Batun kulle kuwa, workqueue tana iya barci, saboda haka lock_sock() ne, amma kada a kira shi cikin rcu_read_lock() ko riƙe da spinlock. bh_lock_sock() na ɓangaren karɓar fakiti ne: in ɓangaren ya tarar sock_owned_by_user() gaskiya ne, wato wani ya riƙe lock_sock(), sai ya jera fakitin a backlog (layin jira), release_sock() ya sarrafa su.

Kafin komai duba sk_fullsock(). Neman yana iya dawo da socket na TIME_WAIT (jiran bayan rufe haɗi) ko na buƙatar haɗi, waɗannan ƙanana ne, ba su da sk_lock, kullen da lock_sock() ke kamawa, sam. Bayan ka kulle ka sake duba sk_state, domin riƙe ƙirga ba ya hana a rufe haɗin.

softirq:
Gaskiyar Malam. Ƙari ɗaya: in queue_work() ta dawo da false, aikin yana layi tun da, ka sauke ƙirgar da ka ɗauka, in ba haka ba socket ɗin ba zai taɓa sakuwa ba. Wajen gwaji kunna zaɓuɓɓukan kernel masu kama kurakurai: CONFIG_PROVE_LOCKING, CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP da KASAN.