Katin hoto ko katin zane? Mu tsayar da magana

Jama'a, ina neman kalma. Ƙanina ne ya kawo mini kwamfutarsa ta gem, wai wasa yana tafiya yana ɗingishi, kuma kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba. Na kwance murfi na leƙa, sai ga abin da ke fitar da hoton wasa zuwa allo, samfurin GTX 1050 Ti, ɗan shekarar 2016, mai ma'ajiya giga 4, fankarsa duk ƙura. Na nuna da yatsa na ce wannan ne ya gaza. Ya ce, "Yaya, mene ne sunansa?" Sai na yi turus. Turawa na ce masa graphics card, masu gyara na cewa girafik kad, wasu ma girafis kawai. Da Hausa fa?

Tun da na jefa wannan tambayar, amsar da ta fi yawa zuwa yanzu ita ce katin hoto. Tana da daɗin faɗa, ban musa ba. Amma a kunnen Bahaushe hoto abu ne da aka riga aka ɗauka aka adana. Ka ce wa mutum katin hoto, memorin waya ko na kyamara zai miƙo maka. Shi kuwa wannan abin ba ya adana ko hoto ɗaya. Kana kashe wuta ma'ajiyarsa ta zama wayam.

Wani ya ce katin nuni. Nuni aikin allo ne, mu bar wa allo kayansa.

Mu duba aikin da yake yi, wataƙila sunan na can ciki. Allon da ake kira 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, jimilla ɗigo 2,073,600. Kafin wasa ya tafi sumul, sai an ba kowane ɗigo launinsa kamar sau 60 a daƙiƙa ɗaya. A gem kuma, abin da kake gani babu shi a ko'ina kafin ka motsa hannunka. Ka juya hagu, nan take katin ya lissafa inda bango yake, ta ina haske ya shigo, ina inuwa za ta faɗa, ya fitar da surar, ya share, ya sake wata. Wanda ke fitar da sura daga babu ai zana ta yake yi. Shi ya sa ni na tsaya a kan katin zane.

Wata 'yar'uwa ta rubuto: "Malam, zane ai na ɗaurawa ne." Haka ne, Malama, a rubuce iri ɗaya suke, amma a baki ba sa haɗuwa, domin na zanawa ana jan wasalinsa. Kuma ba na jin akwai wanda zai ji ana maganar kwamfuta da wat da giga ya zaci atamfa ake ciniki. Wani ya ƙara da cewa akwai zane na bulala. Wannan kam in ka sayi katin da wutar kwamfutarka ba za ta ɗauka ba, za ka san shi ma yana ciki.

Wani dattijo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kawo katin zayyana. Kalma ce mai kwarjini, Baba, na daɗe ina juya ta. Sai dai zayyana ado ce da ake yi a tsanake, wannan kuwa zane ne na gudu, a yi a goge.

Shi kansa "kati" an soke shi, wai abu mai fanka biyu ko uku da nauyi a hannu ina ya yi kama da kati. Gaskiya ne. Amma bakin masu saye da sayarwa ya riga ya saba da shi, ba na son mu yi faɗa biyu a rana ɗaya.

Inda nake son a kula shi ne GPU. Mutane na faɗarsa kamar shi ne katin, alhali ɗan guntun da ke ƙarƙashin fanka ne, wanda ke yin lissafin. Kamfanin Nvidia ne ya yayata sunan a 1999 da ya fito da GeForce 256. Shi na ce mu kira shi ƙwaƙwalwar zane. Rarrabewar tana ceton aljihu: kamfanin AMD ke ƙera ƙwaƙwalwar katin RX 6600, sannan kamfanoni irin su Sapphire da Asus su haɗa ta da fanka da murfi. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ba shi da dalilin ƙara kuɗi don fitilu masu launi.

Na gwada kalmomin a kan yaron, don kalmar da ba ta iya ciniki ba ta da amfani. Na ce masa allonka 1080p ne, kada ka nemi katin zanen da ya fi ƙarfin allonka, kada kuma ka sauka ƙasa da giga 8. Muka jera RX 6600 na 2021, giga 8, yana cin wat 132, da RTX 4060 na 2023, shi ma giga 8 amma wat 115. RTX 3060 mai giga 12 yana cin 170. Arc B580 na Intel, wanda ya fito ƙarshen 2024 da giga 12, ya ja hankalinsa, sai dai yana son a kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR, kuma tsohuwar madabod irin tasa, wato babban faifan da ake soka sauran sassan kwamfuta a jikinsa, ba ta da shi. Muka cire shi.

Wuta ce ta kusa ɓata lissafin. Ramin da ake soka kati a madabod wat 75 kawai yake bayarwa, tsohon katinsa da wannan yake rayuwa. Sababbin kuwa suna son wayarsu ta daban mai baki 8. Muka zazzago wayoyin akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta ɗaya bayan ɗaya, babu ita. Dole wani kaso na kuɗin ya tafi ga sabon akwatin wuta, shi ya sa muka sauka a kan RX 6600. Na sa shi ya auna tsawon cikin kwamfutar da rula kafin ya biya. Da ya yi maganar na hannu, na ce a kunna masa gem a gabansa har katin ya ɗau zafi, domin tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katuna a Satumbar 2022, waɗanda suka sha aikin haƙar dare da rana suka cika kasuwa.

Daren jiya ya kira ni murya a sanyaye: "Yaya, na saka, amma ya fi da ɗingishi." Na tambaye shi ina ya soka wayar allo. Ya ce a sama, kusa da ramukan linzami da kibod. Na ce can madabod ce, cire ta ka soka a jikin katin zanen, can ƙasa. Bai tambaye ni wane abu nake nufi ba. Sai ƙarar kujera na ji, ya sunkuya bayan tebur.