Waɗanda suka taɓa sakin aikinsu da lasisin Creative Commons, ya kuka ƙare?

Marubuciyar Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wani littafi da na gama sakinsa a WhatsApp tun da daɗewa. Na kuɗi ne a lokacin, amma yanzu babu gurup ɗin da bai shiga ba, har na ga inda aka cire sunana aka maƙala na wata. A shafin farko na rubuta abin da dukanmu muke rubutawa: ban yarda a juya min labari ba, ban yarda a karanta shi a YouTube ba, wanda ya fitar ban yafe ba. Bai hana komai ba. Yanzu ƙanena ya matsa min lamba in sake shi kyauta da lasisin Creative Commons (CC), wato izinin da mai aiki ke ba kowa ya yi amfani da aikinsa bisa wasu sharuɗɗa, wai ko ba komai sunana zai riƙa bin sa. Na leƙa shafinsu na ga BY, SA, NC, ND, kaina ya ɗaure. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa min wanne ya ɗauka, kuma me ya biyo baya.

Mai Kyamara, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ta hoto na shiga. Akwai gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, ana ɗora hotuna a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su, kuma can ba sa karɓar NC (ban da neman kuɗi) ko ND (ban da sarrafawa) sam. Dole ka yarda kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ma sayar. Na sa nawa a CC BY-SA 4.0. BY na nufin a ambaci sunanka. SA kuma, wanda ya sarrafa aikinka ya fitar da sabo, shi ma ya sake shi da irin wannan lasisin.

Cikin hotunan akwai na wani dattijo a marinar Ƙofar Mata a Kano, ya tsamo zane daga karofi, hannunsa shuɗi har gwiwa, ruwan baba yana ɗiga. Wata rana na kai wani baƙo masauki a Abuja, ina ɗaga kai a wurin karɓar baƙi sai ga hoton nan, an buga shi ƙato an sa a firem. Babu sunana ko a lungu. Na tsaya ina kallo, yaron da ke kan kanta yana ce min ai oga ne ya sayo shi da tsada.

Da na koma gida na sake karanta sharuɗɗan. Bugawa da ratayewa ba su saɓa ba, ni na ba kowa wannan izinin. Inda suka saɓa shi ne rashin suna da rashin ambaton lasisi. A sigar 4.0, wadda ta fito a 2013, wanda ya karya sharaɗi yana da kwana 30 daga ranar da ya sani ya gyara, in ya gyara izininsa ya dawo. Na rubuta musu cikin lalama, suka manna 'yar takarda a ƙasan firem ɗin da sunana. Ko sisi ban samu ba.

Abin da nake so ki riƙe: ba a janyewa. Za ki iya daina rabawa, za ki iya goge shi daga shafinki, amma wanda ya riga ya sauke da wannan lasisin yana nan da izininsa. Shi ya sa yanzu nake ware hotuna kashi biyu tun a kwamfuta, na sadaka da na cefane.

Marubuciyar Dare:
Tirƙashi. To Malam, dattijon da ke cikin hoton fa, ya san fuskarsa tana bangon otal?

Mai Kyamara, Zariya:
Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Lasisin haƙƙina na mai ɗauka kawai ya shafa, bai ba kowa damar yin talla da fuskar mutum ba. Na nemi izininsa kafin in ɗauka, ya ce bismillah. Amma abin da bismillar mai rini ta ƙunsa daban, abin da intanet ke yi da hoto daban. Yanzu ina faɗa wa mutum dalla-dalla cewa hoton zai iya fita a jarida ko kalanda a ƙasar da bai taɓa ji ba. Mata da yawa suna cewa a'a, sai in ɗauki hannu da kayan aiki kawai.

Malamar Aji Biyu, Katsina:
Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, na masu ɗauka. Makarantarmu ba ta da littattafan karatu na Hausa da suka dace da 'yan aji ɗaya da biyu. Wata abokiyar aiki ta nuna min African Storybook, na wata ƙungiya ce a Afirka ta Kudu mai suna Saide, da kuma StoryWeaver na Pratham Books a Indiya. Labaran yara ne masu zane, galibi da lasisin CC BY. Ina saukewa, in fassara wanda babu Hausarsa, in sauya sunayen yaran zuwa Ladi da Tanko, abincin da ba mu sani ba in mayar da shi ɗanwake. Sai in kai shagon fotokofi, in naɗe takardun biyu in dinke tsakiya da zare. A shafin ƙarshe nake barin sunan marubuci da mai zane da lasisin yadda suke, in ƙara layi ɗaya cewa ni na fassara kuma na yi sauye-sauye. Ba wanda na rubuta wa wasiƙa, ba wanda na jira.

Sai na ci karo da wani ɗan littafi kan wanke hannu da tsaftar ruwa, zanensa ya yi kyau ƙwarai, amma an sa masa ND. Ma'anarsa a raba shi yadda yake, ban da sarrafawa, kuma fassara tana cikin sarrafawa. Ga littafi kyauta a hannuna, ga yaran da ba sa jin Turanci, ba halin in raba musu Hausarsa. Na aika saƙo ga masu shi, shiru har yau. Don haka 'yar uwa, in kina son wata rana a ga labarinki da Fulatanci ko Kanuri ko Zabarmanci, ki nisanci ND.

Ɗan Sababi:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan ban ga amfaninsa ba. Wadda ta cire sunan Hajiya ta sa nata, lasisi za ta tsaya karantawa? Wanda bai ji tsoron Allah ya isa ba, haruffa huɗu na Turawa zai ji?

Malamar Aji Biyu, Katsina:
Ba don ita aka yi shi ba, Malam. Don irina aka yi, mai son ɗauka ta hanyar da ta dace amma ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ɓarauniya tana nan yadda take ko da lasisi ko babu.

Muryar Hira:
Bari in sa baki, tunda mu ake zagi a shafin farko na kowane littafi. Ina karanta littattafan Hausa a YouTube, kuma tashata tana kawo kuɗin talla, ba zan ɓoye ba. Ni ina biyan marubuta kafin in karanta, sai dai wahalar ita ce gano mai littafin. Littafi zai zo min ya bi hannu goma, lambar wayar da ke kai ta daina aiki, mutum biyu kowacce ta ce nata ne.

Sau ɗaya na samu wanda aka sa wa CC BY-NC. NC ya hana amfani da shi don neman kuɗi, ni kuwa tashata ta neman kuɗi ce, don haka ban taɓa shi ba sai da na nemi marubuciyar. Sunanta da adireshin imel ɗinta suna nan a jikin bayanin lasisin, cikin yini guda muka daidaita, na tura mata kuɗinta. Abin da mutane ba su gane ba shi ne lasisin bai ɗaure mai aikin ba. Ita tana da damar sayar min da izini na daban, gobe ta sayar wa mai shirya fim, jibi ta buga a takarda ta kai kasuwa. Masu karatu a waya suna rabawa kyauta, mu masu cin riba muna biya. A ganina wannan ya fi dacewa da ke, Anti.

Wani abu kuma: YouTube yana da wurin da za ka zaɓa wa bidiyonka lasisin Creative Commons, amma CC BY ne kawai, babu NC a ciki. Kuma in akwai kiɗan wani a bidiyon da aka yi da'awarsa, ba zai ba ka zaɓin ba.

Malamar Aji Biyu, Katsina:
NC ɗin ma yana da nasa ciwon kai. Akwai wata makarantar kuɗi kusa da mu, malamarsu ta tambaye ni ko za ta iya buga wani littafi mai NC ta raba wa ɗalibai, alhali iyaye suna biyan kuɗin littattafai. Muka yi ta juya maganar ba mu cim ma matsaya ba, ƙarshe ta haƙura ta ɗauki wani mai BY kawai. Ga labarin soyayya na manya NC ya yi daidai. Ga kayan karatun yara, takura ce.

Jikan Mai Ishiriniya, Gusau:
Salamu alaikum. Nawa ya ɗan bambanta. Kakanmu ya bar waƙoƙin wa'azi da ajami, a cikin gafaka, wasu takardun gara ta fara ci. Na zauna na buga su a kwamfuta da wani salon rubutu mai suna Alkalami, wanda SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, suka yi shi a kan irin hannun Kano, kuma shi kansa kyauta ne a ƙarƙashin lasisin Open Font License. Da na ga baƙaƙen sun fito da kauri kamar na allo, sai da na kira mahaifiyata ta gani.

Na so in sake su a intanet, sai wani ɗan uwanmu da ya karanta shari'a ya taka min birki. Ya ce a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, ta 2022 wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, rubutu yana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kuma ba sai an yi rajista ba. Kakanmu bai kai haka da rasuwa ba. Ke nan waƙoƙin gado ne, ba nawa ni kaɗai ba, kuma mutum ba ya ba da lasisi a kan abin da bai mallaka ba. Sai da muka bi baffanni da gwaggonni ɗaya bayan ɗaya. Wata gwaggonmu ta ce ta yarda da sharaɗi guda: kada wani ya taɓa baiti ko ɗaya, kada a wayi gari an cusa wa Malam maganar da bai faɗa ba. Saboda ita muka ɗauki BY-ND. Na ji ƙorafin Malama a kan ND kuma gaskiya ta faɗa, amma a waƙar addini sauya kalma ɗaya yana iya juya hukunci. Mun rubuta a ƙasa cewa mai son fassarawa ya tuntuɓe mu, ba za mu hana ba, so muke mu gani kafin ta fita.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni muryata na bayar, a Common Voice na Mozilla, inda ake karanta jimlolin Hausa don na'ura ta koyi jin harshen. Can CC0 ne, wato ka sallama gaba ɗaya, ko sunanka ba dole a ambata ba. Ban damu ba, don ba wanda zai ce jimlar "ina kwana" tawa ce. Amma waƙoƙina ban sa musu komai ba tukuna. Kiɗan na mai situdiyo ne, amshi na wasu 'yan mata ne, kuma ina da rajista da BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na nan ƙasar. Duk wanda ya sa hannu a takarda da irin wannan ofishi, ko da kamfanin ɗab'i, ya koma ya karanta abin da ya miƙa musu kafin ya saki komai.

Marubuciyar Dare:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wannan littafin ban taɓa ba kowane kamfani ba, nawa ne ni kaɗai. Hankalina ya fi kwanciya da BY-NC-SA: a raba, a fassara, amma mai neman kuɗi da shi ya neme ni. Sabon da nake rubutawa kuwa ba zan sa masa komai ba sai ya gama kawo abin da zai kawo. Saura bangon littafin, hoton wata 'yar fim ne da mai yi min zane ya ciro a intanet. Kuma a ina ake yin rajistar lasisin?

Mai Kyamara, Zariya:
Bangon nan ki cire shi, Hajiya, ba naki ba ne, ba na mai zanen ba ne, ga kuma fuskar mutum a kai. Ki sa a yi miki sabo, ko ki duba Commons ki ɗauki wanda lasisinsa ya ba da dama, ki rubuta sunan mai shi a ciki.

Rajista kuwa babu. Ba fom, ba kuɗi, su kansu Creative Commons ba sa ajiye sunayen waɗanda suka yi amfani da lasisinsu. A shafin farko za ki rubuta sunan littafin, sunanki, shekara, sai ki ce an sake shi a ƙarƙashin CC BY-NC-SA 4.0, ki manna adireshin shafin lasisin, ki ƙara imel ko lambar da ba za ki sauya ba. Tunda a WhatsApp shafi-shafi ake turawa kuma na farko ne yake fara ɓacewa, ki maimaita layin a ƙarshen kowane babi.