Kiɗan masu haƙar zinare: yaya zan sa yarana su busa shi da rai?

Malamin Badujala:
Assalamu alaikum. Ina koyar da badujala a wata sakandare a nan Kaduna, 'yan aji ɗaya ne, bana suka fara riƙe ƙaho. An kawo mana takardar wani kiɗa daga Amurka da aka rubuta don sababbin shiga, sauti biyar kacal, daga do zuwa so, a kan labarin rububin zinare na Kalifoniya. Suna busa shi daidai, amma babu armashi ko kaɗan, kamar masu haddar jadawalin lissafi. Ga shi muna so mu fita da shi ranar yara, 27 ga Mayu. Ina mafita?

Baba Mai Bigila:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye ƙahonin nan tukuna ka ba su labarin. A Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinare a bakin kogi, inda yake gina injin yankan katako. Daga 1849 jama'a suka yi ta tururuwa har kusan mutum 300,000, wasu a keken shanu wata da watanni, wasu ta teku. Akasarinsu sun koma hannu rabbana, masu sayar musu da shebur da abinci ne suka kuɗance.

Sai ka ba 'yan ganga aikin yi. Samo kuge, ko guntun ƙarfen mota a Panteka, yaro ɗaya ya riƙa dukansa a bugu na biyu da na huɗu: diga ke nan tana cin dutse. Wani ya kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara, wankin yashi ke nan. Masu ƙaho su fara ƙasa-ƙasa, kada su saki ƙarfi sai inda aka ga zinaren. Yara dai ka san su, tun layin farko za su so su ƙure shi.

Maman Khalifa:
Ni fa ban ga abin zuwa Kalifoniya ba, ga Birnin Gwari a jiharmu. Ƙila a ajin nan akwai wanda yayansa ke cikin rami yanzu haka. In za a ba da labari a haɗa da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, saboda ana niƙa dutsen zinaren a tsakar gida. Kada kiɗa ya sa su ɗauka abin biki ne.

Malamin Badujala:
Hajiya, gaskiyarki, zan haɗa. Baba, Allah ya ƙara girma, gobe zan leƙa Panteka. Af, ina ake samun man ƙaho a garin nan? Uku daga cikin namu maɓallansu sun cije.