Keken tura jarirai a cikin kasuwa, akwai wadda ta taɓa jin daɗinsa kuwa?

Amaryar Gesse:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, don Allah shawara nake nema. Haihuwar fari ce, yarinyar watanta biyu da 'yan kwanaki, ban daɗe da dawowa daga wankan gida ba. Aiki aka yi min wajen haihuwar, har yanzu in na goya ta na ɗan jima sai in ji wurin ɗinkin na ja na, ga baya kamar an sara. To ƙanwar maigida ta aiko mana da keken tura jarirai daga Abuja tun ranar suna, yana nan bayan ƙofa ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba, shekaranjiya na ce bari in gwada shi in je cefane tunda maigida a Yawuri yake aiki sai ƙarshen sati yake zuwa Birnin Kebbi. Wallahi na sha wuya. Tun a bakin titi mai napep ya ce sai na biya kuɗin mutum biyu don keken ya cinye kujera, da na shiga layin 'yan kayan miya kuma taya ta dinga nutsewa cikin rairayi, masu baro na bayana suna ta hanya hajiya hanya, har wata tsohuwa ta tsaya tana tambayata wai ko yarinyar ba ta da lafiya ne. Tumatir da tattasai kawai na iya saye na gudo. Ku yaya kuke yi?

Uwar Tagwaye:
Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah shi raya. Ai kin yi ƙoƙari da har kika kai shi ciki, ni nawa bakin ƙofar kasuwa munka tsaya na juyo. Wanga keke an yi shi ne don inda ƙasa ke shafe da siminti ko tayil, irin manyan shagunan nan da ake ɗaukar kaya da kai a biya wurin fita, can kam zai yi miki rana, kwandon ƙasansa ma na ɗaukar famfas da sabulu da madara. Inda na fi cin moriyar nawa layin rigakafi ne a asibiti, ranar ta sati 10 da ta sati 14 da kowa ke jijjiga ɗa a kafaɗa tun safe ni nawa suna kwance suna barci. Amma kasuwa sai majanyi. Ki samu wata yarinya babba cikin dangi ko maƙwabta ta goya miki ita ke ki riƙe jaka, ko ki tatsa mata nono ki bar ta gida awa guda ba abin da zai same ta.

Anti Nas:
Bari in sa baki ta ɓangaren lafiya. Jaririn da bai kai wata 6 ba wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka ki duba bayan kujerar keken, akwai abin da ake ja ta kwanta sosai, a kwance za ki sa ta ba a zaune ba, kuma ki ɗaure mata bel ko da nan da can ne. Kar ki rataya ledar cefane a mariƙin, nauyi na iya rinjayar keken ya kife ta baya da yarinya a ciki. In kin tsaya ciniki ki taka birki.

Abin da ya fi damuna shi ne lulluɓe keken da zani ko tawul wai don rana. Iska ba ta shiga, ciki ya koma kamar tanda, mu kuma nan daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Haka masu goyo su zumbula hijabi har ƙasa yaro na ciki ba a ganin fuskarsa, wannan ma ina faɗa da shi kullum. In ta yi kishi nono za ki ba ta, ba ruwa ba, sai ta cika wata 6. Shi kuma ɗinkin da ke jan ki bayan wata biyu, ki koma a duba shi, musamman in wurin ya yi ja ko ya kumbura ko yana fidda ruwa.

Hajiya Babba:
Ni fa ɗiyata abin da ban gane ba mi ya kai mai jego ɗanye kasuwa da tsakar rana. Mu da munka haifi tara ko keken ba mu sani ba.

Baban Yara:
Hajiya ai zamani ne, gidan haya take ita kaɗai ba kamar da ba da gida ke cike da mutane. Ƙanwata ga yadda muke yi a gidana, matata na da mai kayan miya ɗaya da mai kanti ɗaya da ta saba da su, ta turo musu lissafi a WhatsApp ta yi tiransifa, ɗan kabu-kabu ya kawo har ƙofa, wani lokacin dai sai ka ga an cuso ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan leda amma ya fi wahalar kasuwa sauƙi. Kuma ki faɗa wa maigida, mutumin da ke tasowa daga Yawuri ya biyo ta Jega duk sati bai kamata gidansa ya rasa busasshen kifi da albasa ba, kayan nauyi irin shinkafa da mai aikinsa ne.

Amaryar Gesse:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Anti Nas wallahi kamar kina wurin, tawul na rufa mata kuma a zaune na sa ta, yanzu na je na lalubo abin kwantar da kujerar ashe wata igiya ce a baya. Gobe in sha Allah zan je a duba ɗinkin, da keken zan tafi. Baban Yara na tura masa saƙonka yadda yake, ya karanta bai ce komai ba tukuna.